Umarnin da Ba a Soke Ba

Asabar, 2 ga Maris

Taron wata na ƙungiyarmu ta tsofaffin hafsoshi. Mu goma sha tara muka zo, har da Birgediya, wanda sai da muka jira shi minti biyar kafin ya gama hawa bene. Ɗakin namu a saman shagon buga takardu yake, in injinsu ya tashi a ƙasa kofunan shayinmu har rawa suke a kan tebur. Shekara shida muna cewa za mu nemi ɗaki a ƙasa, shekara shida ana kafa kwamiti.

Kanar, shugabanmu, ya yi kiran suna. Bari in rubuta dokar yadda take, ko na ji kunyar kaina. Kowane ɗan ƙungiya yana da mutum ɗaya a wuyansa. Kafin taro dole ka gan shi ido da ido, ko aƙalla ka ji muryarsa. In bai zo ba aka kira sunansa, kai za ka miƙe ka ba da rahotonsa. Ka ce lafiya, a wuce. Ka ce ba lafiya, ko ban gan shi ba, cikin kwana uku tawaga ta isa ƙofar gidansa. Ni kuwa, wanda ke wuyana shi ne Manjo.

Aka kira shi. Na miƙe, na ƙame, na ce lafiyarsa ƙalau, yana can garin ƙaninsa yana hutawa, yana gaida kowa. Kanar ya sa alama a rajista, aka wuce. Karo na biyar ke nan.

Rabona da ganin Manjo tun Disamba. Yana nan cikin gari, tafiyar minti ashirin daga gidana.

Sauran taron ya ƙare a kan hoton shekara: da hula za a ɗauka ko ba hula. Masu sanƙo suka yi rinjaye.

Talata, 5 ga Maris

Umarni ne. Wannan dai ba wanda zai ƙaryata ni.

A watan Oktoba ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya fara taɓa shi, sama-sama. Yana jan ƙafa, baki ya ɗan karkace, amma yana magana. Na je gida na same shi a kujera, ya sa 'yarsa ta fita, ya ce, "Kyaftin, ba wanda zai gan ni a haka. In an kira ni ka ce lafiyata ƙalau, har sai na ce maka ka daina." Na ce, "An gama, Yallaɓai."

Shi ne kwamandana tun ina ƙaramin Laftanar mai rawar kai. Ranar da na ɓatar da mutum talatin a daji wajen atisaye, don na riƙe taswira a juye kuma girman kai ya hana ni tambaya, shi ya fito da kansa ya nemo mu, ya rubuta a rahoto cewa komai ya tafi daidai. Da ya rubuta gaskiya, da a ranar kakina ya ƙare. Mutum irin wannan ya ba ka umarni, ka ce masa me?

Umarni kuwa wanda ya bayar shi ke sokewa. Haka aka koya mana, haka muka koya wa na ƙasa da mu shekara talatin. Bai soke ba.

Na karanta abin da na rubuta a sama. Ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai.

Asabar, 9 ga Maris

Tattakin safe a filin wasa. Mu takwas. Likita, ɗan ƙungiyarmu, shi ya kawo wannan tsari, wai don hawan jini, amma shi a benci yake zama yana ƙirga mana zagaye.

A zagaye na uku Mai Sigina ya matso kusa da ni yana haki. Tsohon hafsan sadarwa ne, har yau ba ya iya ganin waya a kashe hankalinsa ya kwanta. Ya ce sau huɗu yana kiran Manjo, a rufe. Na ce ai ka san halin mutumin, waya ba ta dame shi ba ko da yana lafiya. Sai da maganar ta fita na ji abin da na ce. Ko da yana lafiya. Amma Mai Sigina numfashinsa yake nema, bai kula ba.

Ya ce in na yi magana da shi in ce masa har yanzu ba wanda ya iya kai shi Mai Sigina ƙasa a dara, yana jira. Na ce zan faɗa.

Laraba, 13 ga Maris

Hanyar banki ta bi ta layin su Manjo. Na zagaya ta bayan asibiti, na ƙara minti goma sha biyar, na ce wa kaina cunkoso nake gudu.

Lahadi, 17 ga Maris

Uwar yara tana guga ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Kwana biyu ban ji ka ce za ka gidan Manjo ba." Na ce harkar ƙungiya ce, ba ta shafe ta ba. Ta ce to. Wannan "to" ɗin nata na san shi shekara talatin da huɗu, ya fi wa'azi tsawo.

Na yi mata tsawa a kan kwalar riga, alhali kwalar ba abin da ta yi.

Alhamis, 21 ga Maris

Na haɗu da 'yar Manjo a kantin magani. Ina layi na ji an ce "Kawu." Da na ga hanya da na bi, amma kantin ƙofa ɗaya gare shi.

Ta rame. Yarinyar da na ɗauka a kafaɗa ranar faretin ƙarin girman ubanta, yau ga furfura a gefen kanta. Ledoji biyu a hannunta, ɗaya cike da kunzugun manya. Ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Kawu, wai ƙungiyarku ta watse ne?"

Na ce a'a.

Ta ce to ita dai tambaya ce. Ta ce tun ranar da ta roƙe ni a asibiti in sanar da su, ta koma ɗaki ta gaya masa, "Baba, na ce wa Kawu Kyaftin ya gaya wa ƙungiya," shi kuma ya gyaɗa kai har sau biyu. Ta ce kalanda tana gefen gadonsa, ya san Asabar ɗin farkon wata. Daga Lahadi zuwa Talata, kwana ukun nan, sai ya yi ta nuna haɓarsa har a yi masa aski, a sa masa kwat ɗin ƙungiya, a juya kekensa ya fuskanci ƙofa. Ranar Laraba ya nuna a cire. Wata uku ke nan ana yi.

"Ban taɓa ce masa komai ba," in ji ta. "Shi ma ba bakin da zai tambaya. Amma shi ne fa ya kawo dokar nan, Kawu, ina ji yana faɗa mana da alfahari."

Gaskiya ne. Shi ya kawo ta, shekarar da aka tarar da ɗaya daga cikinmu ya kwana huɗu da rasuwa a ɗakinsa ba wanda ya sani.

Hutun da ta ɗauka a wajen aiki ya ƙare. Ranar 14 ga Afrilu za ta tafi da shi gidanta, tafiyar yini guda a mota, kuma ba ta ga alamar dawowa ba. Ta ce ba don komai ta faɗa ba, don kada a zo a tarar da gida a kulle. A zo. Wa zai zo?

Ba ta tambaye ni ko na gaya musu ba. Bai ma zo mata a rai ba cewa ban faɗa ba. Na fito daga kantin ban sayi maganin da ya kai ni ba.

Juma'a, 22 ga Maris

To bari in rubuta na Disamba, tunda ba mai karantawa.

Ciwon ya dawo karo na biyu, ya ɗauke ɓarin dama da magana gaba ɗaya. Na je asibiti da lemo a leda. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Ma'aikatan jinya biyu sun juya shi gefe suna canza masa, ɗaya tana ce masa "yawwa Baba, sannu, ka yi ƙoƙari," da muryar da ake yi wa jariri. Yawu na zuba a matashi. Mutumin da in ya ɗaga gira bataliya ke yin tsit.

Bai gan ni ba. Na ja da baya. A baranda 'yarsa ta tsare ni ta ce, "Kawu, yanzu kam a gaya musu." Na ce to. Na ba ta ledar lemon, na sauka bene kamar ana kora ta. Sau biyu ta kira ni a Janairu, ina kallon wayar har ta gaji ta yi shiru.

Ba umarni nake bi ba. Tsoro nake ji. Shekara shida kawai ya ba ni, kuma hannuna na hagu ya fara yi mini wani abu da safe wanda ban gaya wa Likita ba. In na ce "ba lafiya" a taro, ni zan shige gaban tawaga, ni zan buɗe wannan ƙofa. Umarnin dai ya zo mini daidai, na lulluɓa da shi.

Shi kuwa yana can yana zaton mutum goma sha tara sun ji, sun ƙi zuwa.

Talata, 26 ga Maris

Na je. Wato na kai mota har layin su Manjo, na tsaya a gaban shagon mai faci. Labulen ɗakinsa a ɗage yake. Na ga zanen gado uku a igiyar shanya. Mai faci ya zo ya zagaya tayoyina, ya ce duk lafiya suke, me za a yi? Na ce ya ƙara iska. Ya ƙara wa tayar da ba ta buƙata, na dawo gida.

Asabar, 30 ga Maris

Hoton shekara, a harabar makarantar da ke ba mu aron kujeru. Kowa da kwat da lambobinsa a ƙirji. Na Birgediya sun yi yawa har aljihun ya rinjaya gefe ɗaya, Likita ya ce a duba ko nauyinsu ne ke jawo masa ciwon baya. An yi dariya, har da ni.

Wajen jera sahu Kanar ya ce a bar gurbin Manjo a sahun gaba, na uku daga dama, inda yake zama kullum. Mai hoto ya ce ba matsala, in akwai hoton bara zai yanko shi ya liƙa, ba wanda zai gane. Kowa ya ce madalla da zamani. Ni ne a tsaye a bayan kujerar, hannuna a kan majinginarta.

Da aka tashi Kanar ya ja ni gefe. Wai shugaban kwamitin ziyara zai sauka, kuma sun duba rajista, ni kaɗai ne ban taɓa zuwa taro ba tare da rahoton mutumina ba. "Wasu sai su ce sun manta, wasu su ce waya ba ta shiga. Kai kuwa ko sau ɗaya." Ni suke so in gaje shi, zai sanar ranar Asabar.

Na ce zan yi tunani. Ya dafa kafaɗata ya ce wannan sauƙin kan nawa ne yake burge shi.

Talata, 2 ga Afrilu

Yau na shiga.

Ɗakin warin man tausa da sabulu. An fitar da teburin karatunsa, an sa gadon asibiti mai ƙarfe a gefe. Kwalaye uku a ɗaure a lungu, an fara haɗa kaya. Yana kan keke, bargo a gwiwa, hannun dama a naɗe a cinya kamar ba nasa ba.

Da ya gan ni rabin fuskarsa ya yi murna. Rabin kawai, ɗayan bai motsa ba. Na ƙame na sara masa, ya ɗaga hannun hagu ya amsa. Sai ya leƙa bayana. Ya daɗe yana kallon ƙofa. Ya dawo da ido kaina, ya buɗe tafin hannu, ya juya shi sama. Ina suke?

Ga 'yarsa a tsaye da kofin ruwa. Ga dama, Allah ya kawo ta har gabana.

Na ce, "Suna gaishe ka, Yallaɓai. Ka san mutanen, hidima ta yi musu yawa."

Hidima! Tsofaffin da suka kwashe awa guda suna gardama a kan hula. Ya sauke hannun a hankali, ya gyaɗa kai, ya juya yana kallon bango. Na zauna minti ashirin ina ba shi labarin ramukan titi.

Da can ƙarya nake yi wa ƙungiya a kan Manjo. Yau na yi wa Manjo ƙarya a kan ƙungiya, na shafa wa mutum goma sha takwas laifin da ba su san da shi ba. A mota na daɗe ban tayar ba.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Na gaya wa uwar yara duka, tun daga Oktoba. Ta saurara har ƙarshe. Na zaci faɗa za ta yi, na ma shirya amsa. Sai ta ce, "Gobe farar riga za ka sa ko mai ruwan toka?"

Kwana tara ya rage su tafi.

Asabar, 6 ga Afrilu

Kanar ya kira sunansa, biro ɗinsa har ya sauka kan rajista zai sa alama.

Na miƙe. Na ce, "Ba lafiya, Yallaɓai." Injin ƙasa yana ta aiki, sai da na maimaita da ƙarfi. Na ce ba lafiya tun Oktoba, ba ya magana tun Disamba, yana gidansa bai taɓa zuwa garin ƙaninsa ba, rahotannina biyar duk ƙarya ne. Na ce kowane wata yana shiri yana jiran tawaga. Na ce ranar Talata na gaya masa hidima ce ta hana su. Ban ambaci umarni ba sai da Likita ya tambayi dalili, shi ma na ce a bar shi a gefe, ba shi ba ne.

Mai Sigina ya cire tabarau yana ta gogewa. Kanar ya rufe biro ya ce, "Zauna, Kyaftin." Maganar kwamitin ziyara ba ta taso ba, ba sai an faɗa ba.

Birgediya ne ya fara motsi, ya laluɓo sandarsa ya ce shi kam yanzu zai tafi, mai mota ya biyo shi. Likita ya ce a'a, mutumin nan ba zai so a faɗo masa ba shiri ba, a kira 'yarsa a ce gobe ƙarfe goma, a ba shi damar aski. Aka tambayi su wa za su shiga tawaga, don mutum huɗu doka ta ce. Hannu goma sha takwas.

A matattakala Mai Sigina ya riƙe ni. Ya ce sun yi magana, ba sai Manjo ya san komai ba. Za su ce laifin kowa ne, sakaci ne, tsufa ne, ya yi haƙuri. "Mu rufa maka, Kyaftin, ai ba yau aka fara ba." Wallahi zuciyata ta yi tsalle ta karɓa kafin bakina. Irinmu ke nan, da rufa wa juna muka girma.

Amma in sun ce haka, zai tafi yana ganin sun sani sun yi sakaci da shi wata uku. Na ce masa na gode. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Mota biyar. Maƙwabta har suka fito suna leƙe, sun zaci rasuwa aka yi.

Mun same shi da kwat, an yi aski, keke na fuskantar ƙofa. Kanar ya fara shiga, sai Birgediya, sai sauran, har ɗakin ya cika wasu suka tsaya a baranda. Yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ban ga murna ba tukuna. Kallon da yake yi mana ke nan in mun dawo daga aiki a makare, yana jiran bayani.

Mai Sigina ya buɗe baki, "Yallaɓai, mu dai sai haƙuri, sakaci ne ya..." Na ji kaina na ce dakata.

Na tsaya a gabansa na ba da rahoto yadda ya koya mini, gajere, ba ado. Ba su sani ba sai jiya. 'Yarka ta ce in faɗa a Disamba, ban faɗa ba. Na ci gaba da cewa lafiyarka ƙalau. Ba hidima ce ta hana su ba. Ni ne.

'Yarsa ta ce "Kawu," a hankali, shi ke nan abin da ta ce, kuma ya fi mari zafi.

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ɗaga hannun hagu, na zaci miƙo mini zai yi, har na fara sunkuyawa. Ƙofa ya nuna.

Na sara, na juya, na fita. Suka buɗe mini hanya ba wanda ya dube ni.

Awa biyu na yi a tsakar gida kusa da igiyar shanya. Da fari shiru. Can na ji muryar Birgediya yana ba da labarin ranar da akuya ta shiga fareti, labarin da muka ji sau ɗari. Sai na ji wani sauti, kamar tari kamar kuka, aka kwashe da dariya gaba ɗaya. 'Yarsa ta fito ɗaukar kofuna, idonta ja. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Dariya ce. Haka take fita yanzu. Tun Disamba ban ji ta ba."

Ba ta kawo mini kujera ba, ni ma ban nema ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Kullum suna can, bibbiyu, safe da yamma. Mai Sigina ya kai dara, wai Manjo da hannun hagu ya cinye shi sau uku. Kwana bakwai suka samu. Da na buɗe baki a Janairu, da wata uku ne.

Ni ina gida. Na gyara famfon kicin da ya shekara yana ɗiga.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Sun tafi ƙarfe bakwai na safe. Ƙungiya ta jeru sahu biyu daga ƙofa zuwa mota, aka sara masa yana wucewa a keke. Ni na ɗauki kwalaye, aikin da na ga ba mai hana ni. Wajen sa shi a mota ana buƙatar mutum biyu masu sauran ƙarfi, daga ni sai Likita. Na riƙe shi ta ƙarƙashin hammata. Ba nauyi ko kaɗan. Fuskarsa tana dab da tawa, yana kallon wani wuri bayan kunnena.

Da motar ta sha kwana na ce wa Kanar sai a ba wani rahotonsa. Ya ce, "Wa ya ce an sauke ka? Ga lambar 'yarsa, ai kana da ita."

Asabar, 20 ga Afrilu

Na kira. Ta ɗauka a ƙara na shida. Ta kara masa wayar a kunne, na yi gaisuwa, ban kai ƙarshenta ba na ji ƙarar faɗuwa. Ta ce ture ta ya yi. Ta ce in bari sai wani satin, in ina so.

Asabar, 4 ga Mayu

Taro. An kira shi, na ce, "Ba lafiya, yana cin abinci, an fara masa gashin ƙafa, ya ƙi saurarona sau biyu." Kanar ya rubuta haka nan. Hoton shekara ya fito, an liƙa Manjo na bara a kujerarsa, ya fi kowa ƙiba. Birgediya ya ce a cire, a aika masa da wanda aka bar kujerarsa ba kowa.

Na tsaya bayan taro na nuna wa Likita hannuna. Ya zage ni tas, ya rubuta mini gwaji.

Asabar, 25 ga Mayu

Kira na shida. Satin da ya wuce bai ture ba, amma ta ce ya rufe ido kamar mai barci. Na daina ba da haƙuri, na lura shi ne ke sa shi ture wayar. Yau labari kawai na ba shi: an kafa sabon kwamitin neman ɗaki a ƙasa, Mai Sigina ya sayi waya mai kyamara uku bai san inda ake amsa kira ba, Birgediya ya yi barci a tsakiyar jawabinsa na kansa. Ba na jin komai sai numfashi.

Labarina ya ƙare, na ce to Yallaɓai sai wani satin. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan wayar. Na ce mene ne? 'Yarsa ta ce, "Yatsa yake bugawa. In yana yi mini haka, ci gaba yake nufi." Sannan ta ƙara da "Kawu," karon farko tun ranar da muka je gidansa da ƙungiya.

Ba ni da sauran labari, sai na ba shi na hannuna da gwajin da aka yi mini, wanda ko Kanar bai sani ba. Bai ture ba.

Ba yafiya ba ce, kada in ruɗi kaina. Labarin mutanensa yake so, ni kuma aka ɗora wa kawowa. Sai dai uwar yara ta ce da na ajiye wayar na cinye abincin rana har na nemi ƙari. Ni ban lura ba. Na dai buɗe shafin baya na littafin nan na fara tara labaran Asabar mai zuwa, don kada ya buga yatsa ya same ni ba komai.